Albashin Takarda da Kuɗin Bayan Labule: Mi Ɗan Majalisa Ka Kwasa?

Wagga lacca wani malaminmu ne ya gabatar da ita ga taron matasa nan cikin garin Sakkwato bayan la'asar, na ɗauka da waya, na zauna na rubuta. Farkon bai fito da kyau ba saboda ƙarar janareta, na fara daga inda murya ta fito.

...to bayan haka, iyayena malamai da ke nan gaba, da ku ƙannena, ina son mu fara da abin da ba a gardama a kai. Ɗan majalisa ma'aikaci ne, kuma dole a biya shi. Duk wanda yac ce a yi aikin majalisa kyauta to yana son majalisa ta zama ta masu kuɗi kaɗai, don ɗan talaka ba ya iya barin gona ko aji ya tafi Abuja shekara huɗu iyalinsa na hamma. Sayyidina Abubakar da anka yi masa mubaya'a, da safe yaɗ ɗauki tufafinsa na sayarwa zai tafi kasuwa, sahabbai sunka tare shi sunka ce a'a, al'amarin jama'a ya hau kanka, sai a yanka maka abin da za ka ci daga baitulmali. Ku riƙe wurin nan da kyau, su sunka yanka masa, ba shi yay yanka wa kansa ba. Duk laccar yau a kan wannan gaɓa take.

A tsarin mulkin 1999 ma haka anka rubuta. Sashe na 70 ya ce albashi da alawus na sanata da ɗan majalisar wakilai, hukumar raba arzikin ƙasa, RMAFC, ita ke yankewa. Sashe na 111 ya faɗi haka a kan 'yan majalisar jiha, wato namu guda 30 da ke nan Sakkwato. Sanatoci 109 ne, wakilai 360, cikinsu mu muna da sanata 3 da wakilai 11. To nawa hukumar tay yanka?

Kun tuna watan Agusta na 2024 da Obasanjo ya fito yac ce 'yan majalisa su ke yanka wa kansu albashi kuma wannan rashin ɗa'a ne. Sai shugaban hukumar, Mohammed Bello Shehu, ya fito da takarda yac ce sanata na karɓar naira 1,063,860 a wata, albashi da alawus duka. Tsurar albashin ma 168,866 ne, sauran duk alawus ne, na gyaran mota, na masu aikin gida, na baƙi, na wuta da ruwa, na tufafi, har da na sayen jarida. Eh, jarida, a zamanin da kowa a waya yake karanta labari. (dariya) In ka ji wannan lissafin sai ka ce ai bayin Allah nan ma ƙwaruwarsu ake yi, miliyan ɗaya a Abuja ai ko hayar gidan kirki ba ta biya.

Ba a yi kwana biyu ba sai Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu yay yi hira da BBC Hausa, da harshenmu, ba wanda ya fassara muna, yac ce abin da ke shigo masa duk wata na gudanar da ofis naira miliyan 21 ne. Kuma ba shi ya fara fasa ƙwan ba, tun 2018 Sanata Shehu Sani ya faɗi cewa miliyan 13 da rabi suke karɓa duk wata, ban da albashi, abokan aikinsa sunka yi ta jin haushinsa kamar shi yay yi laifin. Kun ga ke nan hukumar ba ƙarya tay yi ba, Kawu ma ba ƙarya yay yi ba, aljihu biyu ne. Ƙaramin aljihu shi hukuma ke yankawa kuma shi ake nuna muna. Babban aljihun yana cikin kasafin kuɗin majalisa, kasafin kuma su ke zama su amince da shi, su ƙara in sun ga dama. Mai rabon nama shi ne mai wuƙa, shi ne kuma mai faranti.

Bari mu yi lissafin 'yan firamare, wanda ke da waya ya danna. Mafi ƙanƙantar albashi da anka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Raba miliyan 21 da 70,000. Nawa? Ɗari uku, madalla. Wata 300, shekara 25 ke nan. Masinja ko mai shara da ya shiga aiki yana saurayi, sai ya aurar da ɗiya kafin ya tara abin da ke shiga ofis ɗaya a wata ɗaya, kuma sai in bai ci ko ƙwandala ba. In ka ninka miliyan 21 ɗin shekara huɗu ya haura biliyan ɗaya, kujera guda.

Za su ce maka, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangare, ai kuɗin ba nasu ba ne na ofis ne, a sayi mai, a yi tafiye-tafiye, a riƙe ofishin mazaɓa, a kawo rasit. To madalla. Ina rasit ɗin? Ni abin da ke ci mini rai ke nan, ba yawan kuɗin kawai ba. Akwai wata unguwa da nake bi kullum in zan tafi aiki, akwai ofishin mazaɓa na wani, ba zan faɗi ko na wane ba, allon ya koɗe har hoton ba a gane shi, kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa, awaki ke kwana a barandar, mai shayi ya kafa teburinsa a gefe. Na tambayi mai shayin yaushe rabon da a buɗe, yay yi dariya yac ce Malam ai tun da anka yi fenti. To man janareta da takarda da albashin sakatare na wannan ofishin wa ke sha?

Sai motoci. A 2023, ana cikin zafin cire tallafin mai, ɗan kabu-kabu na kuka fasinja na kuka, anka sayo musu manyan jif-jif na Toyota da jaridu sunka ce kowace ta kai wajen miliyan 160, hujjar kuwa wai hanyoyin Najeriya ba su da kyau. Wa ke amincewa da kasafin gyaran hanyar? A shekarar ne kuma shugaban majalisar dattawa Akpabio, bai lura ana haskawa kai tsaye ba, yac ce an tura musu ɗan abin hutu a asusunsu, da anka raɗa masa sai ya gyara yac ce addu'a ce anka tura. Allah Ya ba mu irin wagga addu'a. (dariya) Da yunwa tay yi tsanani a 2024 'yan majalisar wakilai sunka ce sun sadaukar da rabin albashinsu na wata shida, dubu 300 kowa a wata. An gode, amma ku lura daga wane aljihu anka ciro, ƙaramin.

Yanzu fansho, nan ne mutane ke yawan ruɗewa. Sanata ko ɗan majalisar wakilai ba shi da fansho na har abada a doka, abin da yake da shi kuɗin sallama ne, ninki uku na tsurar albashinsa na shekara, ga sanata ya kama miliyan 6 da 'yan kai, in ya gama zangonsa. Fansho na dindindin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa ne a sashe na 84, sai sashe na 124 da ya ba majalisar jiha dama ta yi wa gwamna da mataimakinsa doka. Ta wannan ƙofar anka shigo. Gwamna zai sauka yana son gida da mota da kuɗin asibiti, majalisa ce za ta yi masa dokar, su kuma sai su ce to mu fa, sai a cusa kakakin majalisa da mataimakinsa ciki, ka wanke mini baya in wanke maka.

Ba nisa za mu je ba, maƙwabtanmu Zamfara. A 2019 tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wasiƙa yana neman a biya shi miliyan 10 na kula da kai da doka ta ba shi duk wata, wasiƙar ta fita duniya, cikin 'yan kwanaki majalisar jihar ta soke dokar gaba ɗaya, gwamna Matawalle ya sa hannu, kuma dokar ta haɗa har da tsofaffin kakakin majalisa da mataimakansu, gwamnati ta ce wajen miliyan 700 take ci a shekara. Siyasa ce ta sa anka soke, na sani, kun sani, amma ta nuna dokar da anka yi da rana ɗaya ana iya rushe ta da rana ɗaya. A Bayelsa kuwa, a shekarar dai, 'yan majalisa sunka yi wa kansu dokar fansho na har mutuwa, kakaki dubu 500 a wata, mataimaki 200, sauran 100, jama'a sunka yi caa, gwamna Dickson ya ƙi sa hannu. Sannan ga tsofaffin gwamnoni da ke komawa majalisar dattawa, wasu na cin fansho a jiha suna cin alawus a Abuja, har ƙungiyar SERAP mai bibiyar yadda ake kashe kuɗin jama'a ta kai ƙara kotun tarayya a Legas ta yi nasara a 2019. Kwatanta da malamin makarantar da ya yi shekara 35 yana shaƙar alli, ya sauka, kullum yana hanyar sakatariya da fayil a hammata ana ce masa Baba a dawo wani sati.

To amma ƙannena, kada ku tafa tukuna, saura namu. Na taɓa kwana kusa da gidan wani ɗan majalisa a wata ƙaramar hukuma, tun kafin a sallame asuba an yi layi, mai takardar asibiti, mai katin biki, mai ragon suna, mai neman kuɗin jarrabawar ɗa, wani ma kuɗin mota kawai yake so ya koma gida, shi da yaz zo da ƙafarsa. Mutumin ya fito da jaka ya yi ta miƙawa har hantsi, ba wanda ya tambaye shi wane ƙudiri ya kai zauren majalisa, ba wanda yac ce mi kac ce a kan Sabon Birni da Isa da mutane ba su iya zuwa gona. Mun maishe shi asibiti, mun maishe shi banki, shi kuma ya koma Abuja yac ce kuɗin ba su isa a ƙara. Ga kuɗin fom na jam'iyya, ga daliget, ga taliya da atamfa ranar zaɓe, duk bashi ne da sai ya fanshe. Ban wanke su ba, wallahi ban wanke su ba, talauci ne ya kai mutane layin kuma su ke da hannu wajen maganinsa, amma wanda ya karɓi dubu biyar a zaure bakinsa ya yi nauyin tambayar miliyan 21.

Haka kuɗin ayyukan mazaɓu, an ɗauki shekaru ana ware biliyan 100 duk shekara, Buhari da kansa a 2019 yac ce an kashe tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba a ga tasirinsa ba. Rijiyar burtsatse da kuɗinka, a rubuta sunan wani a jiki kamar daga gadon ubansa ya ciro.

Wani yaro ya turo takarda yana tambaya, Malam to mi za mu yi, kiranye? Kiranye yana cikin sashe na 69 amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, an gwada kan Sanata Dino Melaye a 2018, da INEC taz zo tantancewa kashi 5 da ɗan wani abu kaɗai sunka tabbata. Ni abin da na fi ganin kuna iyawa, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ku rubuta wa akawun majalisar tarayya takarda ku ce muna son bayanin abin da anka kashe a ofishin wakilinmu na wata kaza, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Ku sa hannu ku goma ko ashirin, ku riƙe kofi mai hatimi, in sun yi shiru ku kai gidan rediyo a karanta ranar da anka karɓa. Na ji ladan ya fara gyaran murya, sauran takardun tambaya a riƙe mini su sai bayan magariba.