Sugar da Sana'ar Inuwa: Yadda Fim Mai Dogon Zango Ke Girmama Tsofaffin Finafinan Nuwar

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani, mai ɗaukar hoto da saita fitilu, da kuma Aminu, marubucin labarin fim kuma edita. Abin da ke gabanmu shi ne Sugar, fim mai dogon zango da Apple TV+ ta fara sakewa a watan Afrilun 2024, kashi takwas a zangon farko. Colin Farrell ne ya fito a matsayin John Sugar, mai bincike mai zaman kansa a Los Angeles, wanda wani dattijon furodusa na Hollywood ya ɗauka ya nemo masa jikarsa Olivia da ta ɓace. Duk wanda ya kalla zai ce maka an yi shi ne don girmama finafinan nuwar. Aminu, waɗanne finafinai ke nan?

Aminu: Finafinan aikata laifi ne na Amurka, baƙi-da-fari, waɗanda aka saba ƙidaya zamaninsu daga The Maltese Falcon na 1941 zuwa Touch of Evil na 1958. Masu yin su ba su raɗa musu suna ba, wani mai sharhi a Faransa, Nino Frank, shi ya fito da sunan a 1946. Abin da ya haɗa su shi ne birni da daddare, mutum ɗaya da aka ba shi ƙaramin aiki ya faɗa cikin babban rami, masu kuɗi da ke ɓoye ƙazantar gidansu, da ƙarshen da ba ya wanke kowa tas.

Malam Sani: Ka ƙara da cewa duhun nan yana da dalili. Tun 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai a Hollywood: ba a nuna kisa dalla-dalla, ba a barin mai laifi ya sha. Sai darakta ya nuna maka inuwar hannu a bango, kai ka ƙarasa sauran a ranka. Ga yaƙi kuma, a 1942 gwamnatin Amurka ta ƙayyade dala 5,000 a matsayin abin da za a kashe kan sababbin kayan gina saiti a fim guda. In bangonka rabi ne, sai ka haska rabin, ka bar sauran cikin duhu. Sannan akwai masu aikin da suka taho daga Jamus da Ostiriya, irin su Fritz Lang da Billy Wilder, sun zo da sabon ido kan haske.

Zainab: To amma Malam, Sugar mai kala ne, kuma yawancinsa da rana tsaka aka ɗauka.

Malam Sani: Haka ne, Malama Zainab. Farkon kashi na ɗaya kawai, a Tokyo, shi aka yi baƙi-da-fari, yana sauka Los Angeles kala ta shigo. Fernando Meirelles, wanda ya ba da umarni a mafi yawan kashin, da mai ɗaukar hotonsa César Charlone, ba su kwaikwayi fitilun 1940 ba. Kyamara ce mai yawan motsi, kusurwa a karkace, ana leƙen mutum ta bayan gilashi ko ta madubi. Ni a ganina hakan ya fi gaskiya a kan a ɗauki hoton zamani a cire masa kala a ce an yi nuwar.

Aminu: Babbar dabarar tasu a wurin tacewa take. Sugar mutum ne da finafinai suka shiga jininsa, don haka edita yakan jefo gutsuren tsohon fim na daƙiƙa biyu ko uku a tsakiyar fitowa. Yana tuƙa Corvette ɗinsa ta shekarun 1960, sai ka ga wani jarumin da yana tuƙi a titunan birnin nan. Har bindigar da aka ba shi, an ce masa ita Glenn Ford ya riƙe a The Big Heat na 1953.

Zainab: Wannan jefo gutsuren, yaya ake yin sa ba tare da ya zama faci ba?

Aminu: Sharaɗi na farko motsi ya dace. In jaruminka ya juya kai dama, na tsohon fim ɗin ma dama zai juya, kuma ka yanka a tsakiyar motsin, ba bayan ya ƙare ba. Na biyu sauti. Ka bar ƙarar motar ko kiɗan fitowarka ya ci gaba a ƙarƙashin gutsuren, shi ke ɗinke su. Da ka yanke sauti tare da hoto, mai kallo zai ji kamar an sauya masa tasha. Sai girman allo: tsofaffin finafinan 1.37 ne bisa 1, kusan murabba'i, allon talabijin na yau kuma 16 bisa 9. Ko ka bar baƙin gefe hagu da dama, ko ka zuƙo hoton ka yanke kai da ƙafa. Gara ka bar gefen. Kuma kowane gutsure yana da mai shi, sai an nemi izini an biya, sai ƴan kaɗan irin Detour na 1945 da suka zama na kowa a Amurka.

Zainab: Ni inda na ga rauni shi ne wani lokaci gutsuren yana maimaita abin da na riga na gani.

Aminu: Gaskiyarki. In ya nuna miki abin da Sugar ke tsoro ko yake fata, wanda fuskarsa ta ɓoye, ya yi aiki. In kuwa mota ce ta bi mota kawai, ado ne, kuma yana jawo mai kallo ya fara gwada sabon hoto da na Wilder, gwajin da ba kasafai sabon ke ci ba.

Zainab: Malam Sani, wanda ke son ya haska ɗaki irin na wancan zamanin fa, daga ina zai fara?

Malam Sani: Ya fara da kashe duk fitilun ɗakin, ya rufe tagogi da baƙin ƙyalle. Sannan fitila ɗaya mai kaifin haske, irin ta Fresnel, ya ajiye ta a gefen fuskar jarumi, sama da kansa kaɗan. Ya ɗauki mitar haske ya auna. In ɓangaren da ke da haske ya ba shi f/8 a ma'aunin buɗin lensi, ɓangaren inuwa ya ba shi f/2.8, bambancin ninki takwas ke nan, kuma nan nuwar ke farawa. Fim ɗin barkwanci ninki biyu ake yi masa. Matsalar da mutane ke faɗawa ita ce farin bango. Hasken ya daki bango ya dawo ya cike inuwar, sai ka auna ka ga ninki uku. Maganinsa ba ƙarin fitila ba ne, baƙin ƙyalle za ka tsayar a ɓangaren inuwa, kamar taku ɗaya daga fuskar, kuma ka janye jarumin daga bango mita biyu.

Aminu: Kyamarar yau ma tana ba da tata matsalar.

Malam Sani: Ƙwarai. Fim ɗin da ake saka wa kyamara mai suna Super-XX, wanda Kodak ta fitar a 1938, ƙarfin kama haskensa wajen 100 ne, manyan kyamarorin yau kuwa a 800 suke aiki. Suna ganin abin da ke cikin inuwa, wanda a da baƙi ƙirin yake fita. Saboda haka aikinmu yanzu rage haske ne ya fi yawa. Ka tuna kuma, in ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage. Jarumi ya yi taku biyu ba a inda aka yi masa alama ba, hoton ya lalace.

Zainab: Zane-zanen inuwar labulen taga mai sala-sala fa, wanda kowa ya san nuwar da shi?

Malam Sani: Nan ake yawan kuskure. Mutum ya manna labulen a bakin fitila, sai layukan su fito a dishe. Akasin haka ake yi. Fitila ta yi nisa da labulen, mita huɗu ko biyar, labulen kuma ya matso kusa da bango ko fuskar, kamar mita ɗaya. Ka buɗe Fresnel ɗin gaba ɗaya, kada ka tattara haskenta, don a buɗe ta fi yanka inuwa. Faffaɗar fitilar LED mai laushi ba za ta taɓa ba ka wannan ba. In kana son a ga sandar haske a iska, sai hayaƙi kaɗan, kuma fitilar ta zo daga baya ko gefe. Daga gaba hazo kawai za ka samu. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a jira ƴan mintuna ya baje, kuma a riƙa duba kaurinsa kafin kowace ɗauka, in ba haka ba edita zai haɗa hoto mai hazo da wanda ba shi da shi. A Double Indemnity na 1944, mai ɗaukar hoto John Seitz garin alminiyom ya watsa a iska don ƙurar falon ta fito. Kada kowa ya gwada wannan, yana illata huhu kuma yana kama wuta.

Zainab: Masu aikin fim a Kano da Jos na sauraronmu. Duk wannan ma'aunin an gina shi ne a kan farar fata. Baƙar fata fa?

Malam Sani: Tambaya mai muhimmanci. Baƙar fata tana mayar da haske kamar madubi, don haka siffar fuska daga sheƙi take fitowa. Kada ka ƙara ƙarfin fitila har goshi ya ƙone. Ka sa siririn haske daga baya ya zana gefen kunci da kafaɗa, ka ajiye farin allo a kusurwar da fatar za ta ɗauko shi, ka sassauta bambancin zuwa ninki huɗu ko shida. Farar riga kusa da fuska takan ƙwace hoton, a sauya ta da ruwan toka. Kuma wutar lantarkinmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, ba 60 irin ta Amurka ba. In akwai fitilun titi ko na shago a hoton, ka ɗauka a firam 25 a daƙiƙa, shata kuma 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba za su yi ta ƙifta ido.

Aminu: In baƙi-da-fari za a yi, a mayar da allon dubawa baƙi-da-fari tun a lokeshin. Jar riga a gaban koren labule, da an cire kala, toka ɗaya za su iya zama, mutum ya narke cikin bango. Ripley na Netflix, wanda Robert Elswit ya ɗauka, shi ma na 2024, ya nuna yadda ake raba abu da abu da haske kawai.

Malam Sani: Sai batun intanet. Matse bidiyo wurare masu duhu yake fara cinyewa. Hoto mai bit 8 matakin haske 256 gare shi, mai bit 10 kuma 1,024. A bango mai duhu sai ka ga layi-layi. A ɗauka da bit 10, kada a danne baƙin ya kai sifili, a ƙara ɗan yashi-yashi a hoton, sannan a gwada a waya da rana kafin a sake shi.

Zainab: Mu koma kan labari. Muryar da Sugar ke magana da ita a bayan fage, ta biya kuɗin sabulu?

Aminu: A mafi yawan wurare, e. Ƙa'idar ita ce kada murya ta faɗi abin da ido ke gani. A Double Indemnity, jarumin da harsashi a jikinsa yake zaune yana naɗar iƙirarinsa tun farkon fim. Ka san wanda ya yi kisan, abin da kake jira shi ne yadda aka yi. A Sugar, muryar a natse take, mai ladabi, tana cewa ba ya son cutar da kowa, alhali hannunsa na rawa kuma yana yi wa kansa allura a ɓoye. Wannan tazarar ita ke riƙe ka. Babbar wahalar a tsawo take. Tsohon nuwar bai cika kai awa biyu ba, tambaya ɗaya ta ishe shi. Kashi takwas sai ka saƙa igiya uku: yarinyar da ta ɓace, asirin gidan Siegel, wato dangin furodusan da ya ɗauke shi, da tambayar wane ne shi kansa Sugar.

Zainab: Ita ta ukun ce ta fashe a ƙarshen kashi na shida. Ba za mu faɗa ba saboda waɗanda ba su kalla ba, amma ni na ga ta zo a makare. Saura kashi biyu kacal, kuma neman Olivia ya koma gefe.

Aminu: Na yarda da rabin maganarki. An shuka alamun tun kashi na farko: harsunan da yake ji, giyar da ba ta bugar da shi, ƙungiyar da Ruby, mai kula da ayyukansa, ke haɗa shi da ita. Kuma bayanin ya ba gutsuren finafinan ma'ana, ka gane dalilin da yake kallon mutane ta cikinsu. Amma da a kashi na huɗu aka buɗe, da an samu rabin zango ana cin moriyarsa.

Malam Sani: Wanda ke son ya gwada hanyoyin, ya haɗa da zangon farko na Perry Mason na HBO, 2020, wanda ya koma Los Angeles ta farkon shekarun 1930 da kala mai dishi-dishi, da Monsieur Spade na 2024, inda Clive Owen ya kai Sam Spade, jarumin The Maltese Falcon, kudancin Faransa a 1963. Sannan ya nemi fitowar ƙarshe ta The Big Combo na 1955, aikin mai ɗaukar hoto John Alton, ya tsayar da hoton ya lura daga ina hasken ke zuwa da abin da hazon ya rufe.

Zainab: Malam Sani, Aminu, mun gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.