Muzuru, Ɓera da Zakuna Biyar

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano ko Kaduna ko Jos a shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ya san darajar ƙarfe huɗun yamma. Kafin lokacin ba abin da ke cikin akwatin talabijin sai layukan launi a tsaitsaye. Sai a buɗe tasha da taken ƙasa, a sako wa yara katun. Gidan da ke da talabijin ya zama gidan kowa, takalma tuli a bakin ƙofa, wasu na ɗage a taga, wani yana waje yana murɗa eriya ana yi masa ihu, "Ya yi! Tsaya haka!" Ga fargabar kada NEPA ta ɗauke wuta, ga bulalar malamin Islamiyya tana jiran wanda ya makara.

Yau waɗannan yara sun zama iyaye. Sukan lalubo katun ɗin a waya don su nuna wa 'ya'yansu, sai ka ji sun ce, "Anya kuwa? Ba haka yake ba a da." To, ba ƙarya suka yi ba, kuma ba tsufa kaɗai ya jawo hakan ba.

Mu fara da Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙira a kamfanin MGM na Amurka a 1940. Don gidan sinima aka yi shi, ba don talabijin ba. Daga 1940 zuwa 1958 an fitar da guda 114 na hannunsu, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato katun mai minti bakwai hoto 10,080 ke nan. Ko da an bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ana bukatar zane kusan 5,000, a wurin gudu da faɗuwa kuwa dole kowane hoto ya samu nasa. Gwanin mai zane shi ke fitar da manyan gaɓoɓin motsi da fensir, misali ɗaga guduma da saukarta, mataimakansa su cike tsakani a kan tebur mai fitila a ƙasa. Kowace takarda tana da huda da ake sa wa a ƙusoshi, don in ta goce ko da kaurin gashi, hoton zai riƙa karkarwa. Daga nan a kwafi zanen da tawada a fuskar wata leda mai kauri, garau kamar gilashi, a juya ta a shafa fenti ta baya don kada fentin ya cinye layin. Sai a ɗora ta a kan hoton bango, a danne da gilashi, kyamara ta ɗauka daga sama, hoto ɗaya bayan ɗaya. Ƙura ko shatin yatsa in suka hau, sun shiga fim ke nan har abada.

A nan ne asirin wani abu da yara suka gano tun ba su san dalili ba. Ka ga jerin duwatsu ko ƙofofin kabad, ɗaya ya fi sauran haske, sai yaro ya ce, "Wannan ne zai motsa." Kuma shi ɗin ne. Bangon da buroshi aka zana shi a takarda, da inuwa da laushi, abin da zai motsa kuwa fenti ne bai ɗaya a kan leda, launinsu ba ya taɓa zuwa daidai.

Ba duk Tom ne Tom ɗin da kuka sani ba. Akwai guda 13 da Gene Deitch ya yi a birnin Prag a 1961 da 1962, sautinsu na amsa kuwwa, motsinsu a daddatse. Akwai 34 na Chuck Jones daga 1963 zuwa 1967, inda muzurun ke da gira mai kauri, ɓeran kuma da manyan kunnuwa. Wanda ya ci karo da waɗannan yana neman na 1940 da 'yan kai, dole ya ce an canja masa kaya.

Da MGM ta rufe sashen katun a 1957, Hanna da Barbera suka koma yi wa talabijin aiki, inda kuɗi kaɗan ne, lokaci kuma a ƙure. Sai suka rage zane. Jiki ya tsaya a leda guda, kai a wata, baki a wata, baki kaɗai ake canjawa in ana magana. Abin da ya sa da yawan taurarinsu ke sanye da kwala ko laktaye ke nan, don a ɓoye mahaɗar kai da wuya. In ana gudu kuma, taga ɗaya da kujera ɗaya ne ke ta dawowa, domin bangon guntu ne ake maimaitawa.

Sai Voltron, wanda ya hana yara da yawa cin tuwo a kan lokaci. Asalinsa na Japan ne, kamfanin Toei ya yi shi a 1981 da sunan GoLion, kashi 52, wani kamfani a Amurka ya saya ya sake masa murya ya fitar a 1984. An yanke jini da kisa, har wanda ya mutu a na Japan aka ce rauni ya ji. Zakuna biyar ne na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙaton mutum-mutumi guda: baƙi shi ne kai da ƙirji, ja hannun dama, kore hannun hagu, shuɗi ƙafar dama, rawaya ƙafar hagu. Mai kallo a talabijin marar kala kuwa sai dai ya yi gardamar launi a makaranta da ka. Wannan haɗuwar zakunan da ke sa tsigar jiki tashi, zane guda ne ake sake sakawa kusan kowane kashi don a huta da zana sabo. Rowa ce ta kamfani, amma ita yara suka fi haddacewa.

Ko sautin ma akwai magana. Talabijin ɗin Najeriya na wancan lokaci tsarin da ake kira PAL yake bi, mai hoto 25 a daƙiƙa, saboda haka fim mai 24 akan ɗan ƙara masa gudu da kusan kashi huɗu cikin ɗari. Katun mai minti bakwai ya ragu da daƙiƙa 17, murya da kiɗa su ɗan ƙara siranta. Kunnen da ya saba da wannan, in ya ji na asali sai ya ga kamar an yi masa nauyi.

Ga mai son nuna wa 'ya'yansa, a duba girman hoto tukuna. Yawancin waɗannan katun an yi su ne a ma'aunin 4:3, wato faɗi huɗu tsayi uku, talabijin na yanzu kuwa 16:9 ne. In aka buɗe hoton ya cika allo, Tom zai yi ƙiba, in aka yanke, saman kai da ƙafa su tafi. A shiga saitin hoto a mayar da shi 4:3, a haƙura da baƙin gefe. A kashe saitin da ke sulɓanta motsi, don yana ƙirƙiro hotunan da ba wanda ya zana, layuka su riƙa narkewa. Haka wasu kwafin da aka ce an wanke da kwamfuta, manhajar takan ɗauki siririn layi a matsayin datti ta goge, sai ka ga gashin bakin muzuru ya ɓace a tsakiyar gudu.

Wanda kuma ke da tsohon kaset ɗin bidiyo a ƙasan akwati, ya leƙa ta tagar kaset ɗin kafin ya sa a inji. In ya ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce ta damina, za ta toshe kan injin ta kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Masu lafiya a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da sifika da rana, a kai wa mai na'urar juyawa ya mayar da su kan kwamfuta, a kuma gaya masa tun kafin ya fara cewa kaset ɗin PAL ne.