Kafin ka ɗauki zarto, san iccen da ke hannunka

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi wannan teburin da kyau. Da damina aka haɗa shi, ya fito tsaf, ko allura ba ta shiga tsakanin katakan. Hunturu na shigowa sai ga tsaga, har yatsa na shiga. Hannun mai aikin bai yi kuskure ba, ɗanyen katako ya saya.

Duk mai sha'awar kafinta a gida, wanda ke so ya yi wa iyalinsa kujera ko muciya da hannunsa ranar da ba ya aiki, nan ya kamata ya fara. Icce yana shan ruwa yana fitarwa ko bayan an sare shi. In ya bushe, ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Shi ya sa tebur ke buɗewa a mahaɗa, ƙofar kabad kuma ta ƙi rufuwa in damina ta dawo.

To, in ka shiga 'Yan Katako, a Na'ibawa ta Kano ko a garinku, kada ka sayo yau ka yanka gobe. Jera katakan a inuwa, ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara, ka sa ƙananan sanduna a tsakaninsu iska ta ratsa. Shafa fenti a bakunan biyu, don ta nan tsagewa ke farawa. Sannan ka ɗora guda a sikeli, ka rubuta nauyinsa a jikinsa. Duk mako ka sake aunawa. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ya bushe.

Sai zaɓin icce. Masassaƙanmu sun riga mu sanin wannan. Ƙirya suke nema don turmi da taɓarya, saboda taurinta, ga shi gara ba ta cika damunta ba. Aduwa ta allo ce da ƙotar fartanya. Maɗaci na da ja mai kyau a kujera da gado, amma ni ba na sa shi a abin da zai taɓa abinci, sunansa ma ya faɗa maka dalili. Madobiya kuwa, wadda 'yan katako ke kira madrid, an sare ta ba tausayi a Taraba ana kaiwa Sin, har aka tsaurara cinikinta tsakanin ƙasashe a 2017 ƙarƙashin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ina roƙonka, in ba tsohon katakonta ka samu ba, ka bar ta.

Kayan aiki ba sai da yawa ba: zarto, guduma, tef na awo, gam, samfefa, da gizago in za ka yi sassaƙa.

Fara da muciya. Ga ta nan: ka zana, ka rage da gizago kana bin jijiyar iccen, ka goge. Jiƙa ta da ruwa kaɗan, za ka ji ta yi kaushi kamar ta tsirar da gashi, sai ka bari ta bushe ka sake gogewa. Kada fenti ko banish ya kusance ta. Narka man kaɗe ka shafe ta, ta kwana, da safe ka goge da tsumma ka miƙa wa uwargida ta tuƙa tuwon dare.