Amsoshin Tambayoyinku: Yadda BJP ta tashi daga kujeru 2

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Lokaci ya ƙure mana yau, sai mu shiga kai tsaye.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi tana tambaya ko duk Ba'indiye Hindu ne. Haba Hajiya, kallon fim ya yi yawa! Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi kashi 14 ne cikin ɗari.

Sai tambayar da ta zo mana daga Kano, Kumasi da Garwa: yaya jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ta kai ga mulkin Indiya, kuma da gaske addini ta hau? Malam, bismillah.

Malam: To, ai sai an koma Nagpur, 1925, inda aka kafa RSS, ƙungiyar 'yan kishin Hindu wadda BJP ta samo tushe daga gare ta. Har yau da sassafe za ka ga 'ya'yanta sun yi sahu a fili, riƙe da sanduna, suna atisaye. Modi ma a cikinsu ya tashi. Aƙidarsu Hindutva, wato Indiya ƙasar Hindu ce...

Allah gafarta Malam, kujerun fa?

Malam: Ina zuwa. An kafa BJP a 1980, zaɓen 1984 ta tashi da kujeru 2 kacal a majalisar wakilan Indiya. Sai ta riƙe maganar masallacin Babri na Ayodhya, wanda suke cewa a mahaifar Rama, abin bautar Hindu, aka gina shi. A 1990 shugaban BJP na lokacin, Advani, ya hau motar da aka ƙawata kamar keken dokin yaƙi, ya taso daga Somnath yana bi gari-gari. Zaɓen 1991, kujeru 120. Ranar 6 ga Disamba 1992 dubban mutane suka rushe masallacin da guduma da diga, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kusan 2,000.

Kun ji ko? Daga 2 zuwa 120 cikin shekara 7, na maimaita, daga 2 zuwa 120. Wannan aikin Ayodhya ne, kuma jinin da aka zubar har yau yana taɓa zuciyata. Amma a ganina kujeru 282 da suka ba BJP mulki a 2014 da sauran dalili: jama'a sun gaji da badaƙalar cin hanci a gwamnatin jam'iyyar Congress, Modi kuma ya yi alƙawarin aikin yi.

Kai kuma ɗan'uwa da ka cika takarda da zagin Hindu gaba ɗaya, ba za mu karanta ba, a daina don Allah. A Janairun 2024 Modi ya buɗe wurin bautar Rama a filin masallacin. Bayan 'yan watanni mazaɓar Faizabad, inda Ayodhya take, ta kayar da ɗan takarar BJP, alhali yawancin mutanenta Hindu ne.

Mai tambaya kan Kashmir, a yi mana haƙuri sai mako mai zuwa.