Sharhi: Sharath Kamal da abin da ake buƙata kafin a samu magajinsa

Jama'a masu sauraro, a watan Maris na 2025 ne Achanta Sharath Kamal, gwarzon ƙwallon tebur na ƙasar Indiya, ya buga wasansa na ƙarshe a birnin Chennai, inda aka haife shi a 1982. Ya bar fage yana da shekara 42, bayan ya halarci gasar Olamfik sau 5, ya zama zakaran ƙasarsa sau 10, ya kuma tara lambobin yabo 13 a gasar ƙasashen rainon Ingila, 7 daga ciki na zinare. Masu bin wasan a Najeriya ba za su manta da shi ba, don yana cikin tawagar da ta doke Najeriya 3 da nema a wasan ƙarshe na wannan gasa a 2018, ya kuma yi galaba a kan ɗan wasan Najeriya Aruna Quadri a gasar da aka yi a Birmingham a 2022.

Abin tambaya shi ne, ta yaya mutum yake daɗewa haka a wasan da ke cin gwiwa da ƙugu da saurin ido? Hazaƙa kaɗai ba ta isa ba. Mahaifinsa da baffansa duk masu horarwa ne, don haka tun yana ƙarami aka gyara masa riƙo da tsayuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya saba bugu da hannu zalla, bai koyi juya ƙugu da sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa ba, zai iya cin tsaransa yana ɗan shekara 12, amma da ya haɗu da mai murza ƙwallo sosai sai asirinsa ya tonu, kuma gyaran kan ɗauki shekaru.

Sai albashi. Kamfanin mai na gwamnati, Indian Oil, ya ɗauke shi aiki, kamar yadda kamfanonin gwamnatin Indiya suke yi wa 'yan wasa, ya samu damar atisaye ba tare da tunanin cefane ba. Daga nan ya tafi Turai, ya buga wa Borussia Düsseldorf ta Jamus, inda kullum yake karawa da waɗanda suka fi shi. A 2010 ya lashe gasar Masar, ɗan Indiya na farko da ya ci kofin zagayen ƙwararru na hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF. Da ya ji mummunan rauni a cinya a 2015, mutane da yawa sun ɗauka ta ƙare. Ya yi jinya, ya mayar da hankali ga ƙarfafa jiki, ya dawo ya ci zinare 3 a Birmingham yana da shekara 40.

To, mai son tallafa wa masu tasowa, ina zai sa kuɗinsa? Sayen tebur da rabon riguna shi ne mafi sauƙi, shi ya sa kowa yake tsayawa a nan. Kuɗin gaske yana wajen da ba a gani. Robar da ke manne a katakon bugu tana rasa kamunta cikin 'yan makonni a hannun mai atisaye kullum, kuma yaron da ke wasa da matacciyar roba yana koyon bugun da ba zai yi masa aiki a gasa ba. Ana buƙatar ƙwallaye kwando-kwando, domin mai horarwa ya riƙa jefo su ɗaya bayan ɗaya har bugu ya zauna a jiki. Ana buƙatar daɓe mai taushi, saboda siminti yana cinye gwiwa. Ana buƙatar abokan atisaye iri-iri: bahago, mai tsaron baya, mai robar ƙuraje (roba mai tsini-tsini a fuskarta), don wanda bai taɓa karawa da su a gida ba, zai rikice a waje.

Sannan kuɗin jirgi. Matsayin ɗan wasa a duniya yana fitowa ne daga sakamakonsa 8 mafi kyau cikin wata 12. Wanda bai fita gasa ba, ba shi da maki, marar maki kuma tun zagayen farko ake haɗa shi da manya.

Indiya ta fara toshe wasu ramukan da gasar Ultimate Table Tennis da ta soma a 2017 da shirin Khelo India na matasa. A ganinmu, inda ya kamata a fi zuba ido shi ne tsakanin shekara 17 zuwa 21, lokacin da tallafin yara ya ƙare, albashi bai fara ba, iyaye kuma suna matsa wa yaro ya ajiye katako ya nemi takardar digiri.