Fadar Himeji: Kyakkyawan Ginin da Aka Shirya Domin Yaƙi

Fadar Himeji wani farin gini ne da ke bisa tudu, a lardin Hyogo na ƙasar Japan. Daga Osaka, jirgin ƙasa mai gudun gaske, Shinkansen, zai kawo ka cikin kusan rabin awa, kuma da ka fito daga tasha za ka hango ta can ƙarshen titi, fara fat. Japanawa na yi mata kirari da Farar Balbela.

Farin nan yana da aikinsa. Kusan duk ginin katako ne, sai aka yaɓe shi da farar ƙasa mai kauri don kada wuta ta ci shi. Ikeda Terumasa, mai mulkin yankin a lokacin, shi ne ya gina fadar a wannan siffa tsakanin 1601 da 1609.

Ni dai shawarata, kada ka yi gaggawar hawa sama. Tsaya ka lura da hanyar. Babbar hasumiyar fadar na gabanka, amma hanya sai ta karkace da kai, ta ƙuntata, ta bi da kai ta wata ƙaramar ƙofa da sai ka sunkuya. Da gangan aka yi haka, domin mahari ya ruɗe, ya gaji, yana tafe ana auna shi. Dubi jikin katanga: ga ramuka nan masu siffar da'ira, masu kusurwa uku, masu kusurwa huɗu. Ta nan ake harba bindiga da kibiya. Akwai kuma wasu kafofi da ake sako wa mai hawan bango duwatsu a ka. Duk wannan shiri, ba a taɓa gwabza yaƙi a ginin ba.

A bakin hasumiya za ka cire takalmi, ka riƙe abinka a leda. Daga waje hawa 5 ake gani, a ciki kuwa 6 ne, ban da na ƙarƙashi. Matakalar a tsaye take ƙyam, katakon kuma da santsi, saboda haka wanda gwiwa ke damu ya bi a sannu.

A 1945 bama-bamai sun ƙone garin Himeji, fadar ta tsira. Babbar girgizar ƙasar da aka yi a yankin a 1995 ma ba ta kayar da ita ba. Tun 1993 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. In son samu ne, ka je farkon Afrilu lokacin da itatuwan sakura, wato cherry na Japan, ke fure, amma ka yi sammako, domin layin yana da tsawo.