Dattijon reluwe da ke maƙwabtaka da ni ya rasu, na je jana'izarsa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da muryata, yanzun nan na fito daga maƙabarta, kuma wallahi saura ƙiris in zubar da girmana a gaban Turawa. Ana tsaye tsit, kowa ya sunkuyar da kai, sai kawai na ji tau! Bindiga. Ban san sanda na durƙusa bayan wata tsohuwa ba. Ashe harbin ban-girma ne, sau uku ake yi wa tsohon soja, harsashin ma ba mai kisa ba ne. Babu wanda ya gaya min. Tsohuwar ta juyo ta kalle ni, ni kuma na yi kamar igiyar takalmi nake ɗaurewa.

Maƙwabcina ne ya rasu. Baba nake ce masa, tun yana tambayar ma'anarsa har ya saba yana amsawa. Shekara shida muna katanga ɗaya a nan Altuna, jihar Pensilbaniya, amma sai da na karanta sanarwar rasuwarsa na san ya je yaƙin Biyetnam. Ko sau ɗaya bai taɓa ɗauko zancen ba. Jirgin ƙasa kuwa, in ya fara sai ka nemi kujera.

Garin nan dama reluwe ce ta haife shi. Kamfanin jirgin ƙasa na Pensilbaniya ne ya kafa shi a 1849, kuma akwai lokacin da mutum fiye da 16,000 ke aiki a lokon garin, wato ma'aikatar ƙera da gyaran jiragen ƙasa. Kun ga tsaunin can bayana? Can ne layin dogo ya yi lanƙwasa kamar kofaton doki, tun 1854 jirage ke hawa ta wajen. Baba yana dawowa daga soja ya shiga loko. Shi ba direba ba ne, kuma in ka ce masa makanike sai ya ɓata rai. Aikinsa sassaƙa ƙarfe. In ƙafar jirgi ta cinye, shi zai ɗora ta a inji tana juyawa yana fere ta har ta koma daidai. Awonsa kashi ɗaya cikin dubu na inci, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ya ce min yana tsaye a benci ɗaya kamfani ya yi ta canza suna a kansa: Penn Central, sai Conrail a 1976, sai Norfolk Southern a 1999. Fentin jiragen ya tashi daga baƙi ya koma shuɗi, ya sake komawa baƙi mai hoton doki, shi dai yana nan da man inji a farce.

Hannun nan na ga amfaninsa. Hunturuna na farko injin kwashe ƙanƙarata ya mutu, mai gyara ya ce dala 220. Baba ya karɓi ƙarfen da ya karye, ya shiga garejinsa, bayan la'asar ya fito min da sabo da ya fere da kansa. Na miƙa masa kuɗi, ya kalle ni kamar na zage shi. Tun ranar in matata ta yi girki sai an kai masa, duk da yaji na sa shi hawaye.

Abin da har yanzu ban saba da shi ba, kwana biyar gawar na ajiye. Jiya da yamma aka buɗe akwatin, an sa masa kwat, an gyara fuska, mutane na wucewa suna hira a gefe. Ni da na tashi ina ganin a yi wanka, a yi sutura, a kai mutum makwancinsa kafin rana ta faɗi, ƙafata ta yi nauyi. Sai na tuna mahaifina, wanda ta waya na ji rasuwarsa, kafin in gama kuka har an dawo daga binne shi. Furen da na kai ma dala 85, fure kawai.

Amma tutar nan ta taɓa ni. Sojoji biyu cikin kaki suka ɗauke ta daga kan akwatin, suka naɗe ta a hankali sau 13 har ta zama mai kusurwa uku, ɗaya ya durƙusa ya miƙa wa 'yarsa. Aka busa begila. Tsofaffin abokan aikinsa na loko, masu sanduna, duk suka cire hula.

Ku da 'ya'yanku suka shiga sojan Amurka, ina gargaɗinku, takardar sallama da ake kira DD-214 ku adana ta kamar fasfo. 'Yar Baba kwana biyu ta yi tana birkice gida kafin ta same ta cikin akwatin spanoninsa, kuma ita ce shaidar da ake nema kafin a ba da tuta da dutsen kabari kyauta. Sannan in an gayyace ku irin wannan jana'iza, ku tambaya tun a mota ko za a yi harbi.

Ga abin da ta ba ni, bari in matso da shi kusa da kyamara. Ma'aunin ƙarfensa ne, duk lambobin sun fara gogewa saboda riƙo. Ban ma iya karanta shi ba. An ce ƙanƙara za ta sauka ranar Alhamis, bari in je in gwada tada injin nan tun yanzu.